Ta'aziyyar da Aka Hana Ni Fassarawa

Cikin ranakun da na yi a wannan ofis, akwai wadda ban taɓa mantawa da ita ba. Ita ce ranar da na tsaya ba takalmi, sai safa, a kan dutse mai sanyi, a cikin majami'ar gidan wani Bature, shugabana yana raɗa mini ta kunnen hagu in yi shiru, babban baƙonmu kuma yana umartata in buɗe baki. Tun da an ce kowannenmu ya rubuta wani abu domin sababbin ma'aikatan da aka turo mana bana, na ga babu abin da ya fi dacewa in ba su sai labarin wannan rana.

A hunturun shekarar 1976 ne. Ban daɗe da gama jami'a da bautar ƙasa ba aka ɗauke ni mataimakin jami'in hulɗa, aka turo ni ofishin sayayya na jiharmu, nan Landan kusa da Charing Cross. Ga wanda bai san aikin ba, mu ne masu tarbar tawagar gwamnati a filin jirgi, mu nema mata masauki, mu kai ta wurin masu kaya, mu kuma bi kayan har a ɗora su a jirgin ruwa. Kuɗin mai ya shigo, saboda haka da wuya mako ya wuce ba mu da baƙi: waɗannan injin ban ruwa suke nema, waɗancan gadajen asibiti. Idan a cikin tawaga akwai wanda ba ya jin Turanci, ni ne tafinta. A lokacin ina cikin gwaji, wato ba a tabbatar da ni a aiki ba. Rahoton shugaban ofis, Malam Lawal, shi zai sa a tabbatar da ni ko kuwa a mayar da ni gida.

Malam Lawal mutumin kirki ne, amma ya daɗe a Landan har Hausarsa ta gauraya. Idan ya ce mini "na yi booking", sai in ce, "To, ranka ya daɗe, an kama wuri ke nan." Wannan ya sa ya laƙaba mini Malam Ƙamus. Shi ya koya mini ƙa'idar tafinta: ka tsaya kaɗan a bayan mai magana, ka faɗi abin da ya faɗa kamar daga bakinka ya fito, kada ka ƙara, kada ka rage. Bayan ya gama sai ya rage murya ya ƙara tasa ƙa'idar, wadda ba ta cikin littafi, cewa duk abin da zai ɓata ciniki, tafinta ya haɗiye shi.

Tawagar da ta zo a wannan karon ta kamfanin madara na jiha ce, shugabanta kuwa Alhaji Haruna, attajirin da ya yi arzikinsa a fatu da ƙiraga tun kafin a haife ni. Ba ya jin Turanci, kuma bai ɗauki wannan a matsayin rashi ba. Tare da shi akwai likitan dabbobi da wani jami'i daga ma'aikatar gona. Bijimai suka zo nema, na irin shanun nan masu yawan nono, domin a yi barbara da fararen shanunmu. Likitan ya zaga gonaki da yawa, ya ce ba inda ya ga irin da yake so sai a gandun wani dattijo mai sarauta a bakin Landan ta arewa. Ba zan ambaci sunansa ba. A ofis Mai Gandu muke ce masa. Matsalar ita ce dattijon bai ce zai sayar ba, bai ce ba zai sayar ba. Ya dai yarda mu je mu ci abincin rana.

Ana gobe za mu je, wakilin gidan, wato mai kula da harkokin gandun, ya bugo wa Malam Lawal waya. Bayan an daidaita cewa kifi za a ci, kuma za a tanadi wurin salla, sai ya yi gargaɗi. Uwargidan dattijon ta rasu a farkon shekarar, kuma tun da aka binne ta ba wanda ya sake ambatarta a gabansa, ko 'ya'yansa. Ya ce haka al'adar gidan take, kuma baƙon da ya taɓo zancen, to ya ɗauka ya rufe ƙofar da hannunsa. Malam Lawal ya ajiye waya ya dube ni, ya ce kada ma a gaya wa Alhaji, domin ya san halinsa. Ya ce idan zancen matar nan ya fita ta bakina, to in fara tunanin yadda zan rufe akwatina.

Mun isa da hantsi. Gida ne irin wanda ake tafiya a mota tsakanin ƙofar waje da ƙofar ciki. Jami'in gona ya leƙa ta taga ya tambaya ko sakatariya ce. Dattijon ya tarbe mu a bakin matakala, dogo, siriri, rigarsa ta sha faci a gwiwar hannu, har Alhaji ya tambaye ni yaushe mai gidan zai fito. Aka ci abinci, aka je aka ga bijimai. Likita ya duba haƙora da ƙafafu, Alhaji ya shafa doron kowanne, ko da yake ba su da tozo, ya ce a gaya wa mai su kamar an daɓe bayansu. Dattijon ya yi murmushi kaɗan, ya ce zai yi tunani. Na fassara yadda ya faɗa. Malam Lawal ya sunkuyar da kai, domin ya san idan Baturen Ingila ya ce zai yi tunani da irin wannan murya, ya riga ya gama.

Sai batun salla. Wanda bai yi hunturu a nan ba ba zai gane yadda rana take gudu ba: azahar da la'asar suna bin juna a guje, magariba kuma tana faɗuwa tun ba a tashi daga ofis ba. Alhaji ya dubi sama, ya ce a nemo ruwa. Bayan mun yi alwala, dattijon da kansa ya ɗauko wani ƙaton mabuɗi ya shige gaba, yana cewa ya tanadar mana wurin da ya fi kowane wuri daraja a gidan.

A nan ya kamata in yi bayani. Irin waɗannan manyan gidaje sukan mallaki ƙaramar majami'a tasu ta kansu, a jikin gida ko a gefensa. Ba ta jama'ar gari ba ce, ta iyalin gidan ce kaɗai. A cikinta ake yi wa jariransu suna, a ɗaura musu aure, kuma a ƙarƙashin daɓenta ake binne su. Manyan kakanni akan sassaƙa surarsu da dutse, a kwantar a bisa kabarinsu, hannu haɗe a ƙirji. Ba kowane baƙo ake shigarwa ba. Dattijon ya ji an ce Musulmi ba sa salla inda akwai gumaka, saboda haka ya sa aka ture kujeru gefe, aka shimfiɗa babbar darduma daga falonsa, aka daidaita ta kudu maso gabas, inda alƙiblar nan take, sannan aka ɗauko fararen zannuwan gado aka lulluɓe kakannin nasa ɗaya bayan ɗaya, daga kai har ƙafa.

Mun tuɓe takalma a bakin ƙofa, Alhaji ya fara shiga. Bai yi nisa ba ya ja ya tsaya cik, har likita ya yi karo da bayansa. Duk Bahaushen da ya ga mutum kwance a miƙe, an lulluɓe shi da farin ƙyalle, ya san abin da ya gani. Ga su nan jere a dama da hagu.

Alhaji ya yi salati a hankali, sannan ya dube ni ya ce, "Sanusi, annoba aka yi a gidan nan?"

Na yi masa bayani cewa duwatsu ne, surar kakannin mai gida, kuma don girmama mu aka rufe su. Jami'in gona ya ɗaga gefen zani ɗaya, ya ga ƙafar dutse cikin takalmin ƙarfe, da ɗan kare na dutse kwance a gindinta. Dariya ta so ƙwace masa ya mayar da ita tari. Alhaji ma ya saki fuska, ya ce lallai mutumin nan ya wahalar da masu wanki saboda mu. Na ji sanyi a raina, na ɗauka an wuce wurin.

Amma a kusurwa akwai wani dutse shimfiɗe a daɓe, fari, sabo, babu sura a kansa sai rubutu, an ajiye furanni ɗanye a gefensa. Alhaji ya nuna shi da carbinsa, ya tambaya na wane ne wannan, don bai yi kama da sauran ba. Malam Lawal ya taka mini ƙafa. Da yake babu takalmi, na ji sosai. An hana ni ambatar matar a gaban Bature da Turanci, amma ba wanda ya ce in yi wa Alhaji ƙarya da Hausa idan ya tambaye ni. Na ce masa uwargidan mai gida ce, bana ta rasu.

Ban taɓa ganin fuska ta sauya haka ba. Alhaji ya juya ya dubi Malam Lawal.

"Lawal, ka sani?"

"Na sani, Alhaji. Su a al'adarsu ba a..."

"Mun shiga gidan mutum, mun ci tuwonsa, mun taya shanunsa, ba mu ce masa yaya haƙuri ba. Da furfurata kuka mai da ni ɗan tasha."

Bai jira amsa ba. Ya tattara babbar rigarsa ya durƙusa a kan dutsen nan mai sanyi, a gaban dattijon. Likita da jami'in gona suka bi shi, domin ba ya yiwuwa babba yana ƙasa su suna tsaye. Dattijon ya tsaya da mabuɗi a hannu yana kallonsu, ya ɗauka sallar ce aka fara, har ya yi niyyar ja da baya ya ba mu wuri. Alhaji ya ce, "Sanusi, gaya masa mun ji abin da ya faru. Yaya haƙuri? Allah ya ba shi dangana, ya raya abin da ta bari."

Ta kunnen hagu kuwa Malam Lawal yana raɗa cewa in ce Alhaji yana yaba tagogin gilashi ne. Wakilin gidan yana tsaye a bakin ƙofa, ko da yake ba ya jin Hausa, ya ga inda carbi ya nuna, fuskarsa ta yi fari kamar zannuwan.

Ina so sababbin ma'aikata su san cewa ban ji wata jarunta a lokacin ba. Na tuna ɗakina na haya a Edmonton, na tuna mahaifina da ya tara mutane ya yi walima ranar da zan taho, na kuma hango kaina ina sauka daga jirgi da akwati tun ba a shekara ba. Amma ga mutum uku durƙushe a ƙasa, kuma babu tagar da ake durƙusa wa. Abin da ya fi wannan, maganar ba tawa ba ce. Alhaji ya ba ni ita ne in kai wa mai ita. Sai na durƙusa ni ma, kaɗan a bayansa kamar yadda ƙa'ida ta ce, na faɗi abin da ya faɗa da Turanci mafi sauƙi da na iya. Na ƙara bayani guda kawai, wanda ya halatta ga tafinta: cewa a ƙasarmu ba a fara wata magana da wanda aka yi wa rasuwa sai an gaishe shi, kome daɗewar rasuwar, kuma Alhaji yana neman gafara da ya jinkirta.

Dattijon ya dubi dutsen, ya dube mu. Sannan ya laluba gefen wata kujera ya zauna, ya ajiye mabuɗin a cinya. Da ya buɗe baki, ni ya tambaya: me ake amsawa? Na ce ana cewa "da godiya". Ya maimaita a hankali, ya karkata ga Alhaji ya ce, "Da godiya." Ya faɗe ta daidai, har da jan wasalin.

Alhaji ya gyara zama ya shiga tambayoyin da kowa ya sani. Ta yi jinya? Ta bar 'ya'ya nawa? Mene ne sunanta? Kowace tambaya na fassara sai in ji numfashin Malam Lawal a ƙeyata. Dattijon ya amsa duka. Da ya ce sunanta Mary, Alhaji ya ce Maryamu ke nan, sunan babbar 'yarsa. Ya gaya masa shi ma ya binne matar da suka fara zama tun yana fataucin fatu a kan jaki, kuma har gobe idan ya ci miyar da gishiri bai ji ba, sunanta yake kira. Dattijon ya yi dariya, irin wadda take zuwa da hawaye, ya ce tasa matar ba ta iya dafa ko ƙwai ba, amma ta san kowace saniya a gandun da uwarta da kakarta. Ashe garken nata ne. Ita ta haɗa irin, ita take raɗa musu suna. Ya ce abin da ya hana shi sayarwa shi ne ba ya so su je inda ba wanda ya san na wace ce.

Malam Lawal ya farfaɗo. Ya matso ya raɗa wa Alhaji cewa yanzu ne lokacin da za a sake tayar da maganar bijimai. Alhaji ko kallonsa bai yi ba. Ya ce in gaya wa mai gida yau babu ciniki, domin ba a haɗa gaisuwar mutuwa da tayi. Ya ce kuma in yi masa godiya a kan darduma da zannuwa, amma mu ba ma salla a tsakanin kaburbura, ko da na iyayenmu ne, saboda haka a taimaka mana da wani wuri, kuma a buɗe wa bayin Allah fuska su sha iska. Wannan ma na fassara, ban rage kome ba. Dattijon ya miƙe ya janye zanin da ke kusa da shi, ya ce dama kakansa bai taɓa son a rufe masa baki ba.

Inda ya kai mu wani dogon ɗaki ne na gilashi, mai ɗumi, cike da itatuwan lemo a manyan tukwane, bututun ruwan zafi yana zagaye da bango. A nan muka yi azahar da la'asar, ƙanshin ganyen lemo yana tashi. Da aka sallame, Alhaji ya dubi bututun, ya ce lemon da ake zubarwa a bakin kasuwa a gida shi aka gina wa ɗaki da murhu, shi kuwa shugaban kamfani yana kwana da hula da safa a otal. Ya ce in fassara. Na fassara. Har wakilin gidan sai da ya dara.

Da za mu shiga mota, dattijon ya riƙe ni a gefe ya tambaya ko akwai abin da ya rage a kansa bisa al'adarmu. Na gaya masa cewa idan an share makoki, masu rasuwa sukan bi waɗanda suka zo gaisuwa su yi musu ban gajiya. Ya gyaɗa kai kawai.

A hanya Alhaji ya yi barcinsa. Muka shigo gari, muka tsaya a cunkoson motocin Aldwych. A nan Malam Lawal ya ce, ba tare da ya dube ni ba, tawaga za ta koma jibi hannu wofi, kuma shi zai rubuta dalili. Ya ce, "Malam Ƙamus, ka yi Hausa mai kyau yau. Ina fata za ta biya maka kuɗin jirgi."

Washegari da safe ina zaune a teburina, ban iya taɓa kome ba, sai mai gadin ƙofa ya leƙo ya ce ga wani tsoho yana hawowa da kwando, ya ƙi shiga lif. Dattijon ne, cikin rigar nan mai faci, kwandon cike da lemo. Ya ce ya zo ban gajiya, kuma yana so a kai shi wurin Alhaji. Malam Lawal ya zubar da shayinsa garin miƙewa. Muka ɗunguma zuwa otal. Alhaji ya tarbe shi kamar sun shekara ba su haɗu ba, ya ɓare lemo ɗaya ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya ce in gaya masa gaskiya namu ya fi zaƙi, amma wannan ya fi gata.

Bayan an gama gaisuwa, dattijon ya tambaya ko yau an halatta ciniki. Alhaji ya ce yau kam kasuwa ta buɗe. Sharaɗi ɗaya ya kawo: duk inda aka kai bijiman, a san daga garken wa suka fito. Alhaji ya ce sunayen Turawa da aka raɗa musu ba za su zauna a bakin makiyaya ba, ba zai yi alkawarin abin da ba zai cika ba, amma ya ɗauki nauyin sunan mai garken. Sauran aikin na likita ne da namu: gwajin jini, keɓe dabbobi na wani lokaci kafin tafiya, da takardun jirgi.

Rahoton da Malam Lawal ya rubuta a kaina mai kyau ne, aka kuma tabbatar da ni. Har yau idan ya ba da labarin yakan ce shi dama ya san Alhaji zai yi abin da ya dace, ni kuma ba na gyara masa wannan, Turancin da yake cusawa kawai nake gyarawa. Ba na kuma ganin laifinsa. Gargaɗin da aka yi masa na gaskiya ne, kuma wakilin gidan ma don ƙaunar ubangidansa ya yi shi.

Abin da na koya shi ne, a wannan aiki namu kowane babba yana kewaye da mutane masu kyakkyawar niyya, waɗanda suka riga suka yanke abin da zai iya ji da abin da ba zai iya ji ba. Wakili yana tsare mai gida, shugaban ofis yana tsare baƙo, har a wayi gari dattawa biyu suna tsaye gaba da gaba, ba abin da ke wucewa tsakaninsu sai zancen kifi da tagogi. Ku saurari gargaɗi, ku san al'adar mutanen da kuke zaune a ƙasarsu, ku yi bayani inda bayani zai taimaka. Amma idan aka ba ku magana ku kai, ku tuna ba taku ba ce, kuma wanda aka aika wa ita ya fi ku sanin ko yana bukatarta.

Bara da na je hutu gida na biya ta gonar kamfanin. Na sami wani makiyayi yana kora 'yan maruƙa masu dabbare-dabbare zuwa mashaya, na tambaye shi waɗannan na wane garke ne. Ya dube ni kamar baƙon da bai san kome ba, ya ce, "Garken Maryamu mana." Na tambaye shi ko ya san wace ce Maryamun. Ya ce wata baiwar Allah ce can ƙasar Turawa, an ce ba ta iya girki ba, amma ta san shanu.